Yadda nake auna jiki da sikeli da tef ɗin ɗinki

Ni da ƙanina kilo 78 muke yi a sikeli, amma wandonsa ba ya shiga ƙuguna. Shi leburan gini ne, ni kuwa tela, wuni nake zaune a kan keke. Abin da ya raba mu shi ne tsoka ta fi kitse dunƙulewa: lita ɗaya ta tsoka tana kai kilo 1.06, ta kitse kuwa wajen 0.9. Kitse ya fi cin wuri, ga shi yana son taruwa a tumbi.

Idan za ka hau sikeli, hau da safe bayan ka kama ruwa, kafin karin kumallo, kuma kada ka riƙa canza sikeli. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, to wanda ya cika ciki da tuwo da kunu dole allura ta motsa.

Tef ya fi ba ni gaskiya. Zagaya shi tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, kusa da cibiya, bayan ka saki numfashi. Kada ka shanye ciki. Masu kawo mini ɗinki sun iya wannan dabarar, ranar Sallah kuma su ce na matse musu wando. Abin da ya fito kada ya kai rabin tsawonka: mai santimita 170 ya tsaya ƙasa da 85. Hukumar Lafiya ta Duniya tana fara jan kunne daga santimita 94 ga maza, 80 ga mata, wato inci 37 da inci 31 da rabi a tef ɗinmu. Nawa 38 ya nuna, shi ya sa yanzu da ƙafa nake zuwa shago.