Yadda Ake Sake Gina Ƙungiyar Ƙwallon Kwando a NBA ta Hanyar Musaya da Tsara Albashi

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa ta Turai zai iya zaton cewa gyaran ƙungiya bai wuce attajiri ya saki bakin aljihu a sayo gwanaye ba. A gasar NBA ta Amurka ba haka abin yake ba, domin musayar 'yan wasa ake yi tsakanin ƙungiyoyi, kuma tun kakar 1984-85 akwai iyakar da aka gindaya wa jimillar albashin kowace ƙungiya. Saboda haka aikin babban manaja shi ne ya daidaita lokacin da gwanayensa za su nuna da lokacin da albashinsu bai yi nauyi ba.

Mataki na farko shi ne a zauna da takarda a rubuta kwantiragin kowane ɗan wasa, da shekarar da zai ƙare, sannan a auna jimillar da ma'aunan gasar. A kakar 2024-25 iyakar albashi ta kasance kusan dala miliyan 140.6, ana fara biyan harajin wuce gona da iri daga miliyan 170.8, sai shingaye biyu da ke takura wa cinikin ƙungiyar da ta haye su, na farko a miliyan 178.1, na biyu a miliyan 188.9. Akwai kuma dokar da ta wajabta wa kowace ƙungiya kashe aƙalla kashi 90 cikin ɗari na iyakar, don haka ba a farfaɗowa da rowa. Ƙungiyar da ke biyan albashin zakaru alhali tana tsakiyar tebur, ita ce ta fi kowa buƙatar a rushe ta a sake gini.

Daga nan sai mataki mafi ɗaci, wato rabuwa da tauraro tun yana da daraja a kasuwa. A watan Yulin 2019, Sam Presti, babban manajan Oklahoma City Thunder, ya miƙa Paul George ga Los Angeles Clippers, ya karɓi Shai Gilgeous-Alexander, wanda kaka ɗaya kacal ya buga a lokacin, da Danilo Gallinari, da guraben zaɓe biyar na zagayen farko a zaɓen sabbin 'yan wasa da ake yi kowace shekara, da damar musayar gurbi sau biyu. Abin da ya sa cinikin ya yi tsada haka shi ne Clippers suna buƙatar George ido rufe domin su shawo kan Kawhi Leonard ya sa musu hannu. Darasin ciniki ne da kowane ɗan kasuwa ya sani: a nemi mai saye da ke cikin gaggawa. Boston Celtics ma haka suka yi a 2013, lokacin da suka ba Brooklyn Nets Kevin Garnett da Paul Pierce bayan shekaru sun fara cim musu, kuma daga guraben da suka karɓa ne Jaylen Brown da Jayson Tatum suka fito. A lura cewa ba a musayar gurbin da ya wuce shekara bakwai a gaba, kuma dokar da ake kira da sunan Ted Stepien, tsohon mai Cleveland Cavaliers, ta hana ƙungiya ta rasa gurbin zagayen farko shekara biyu a jere nan gaba. Wannan ne ya sa ake cike giɓin da damar musayar gurbi.

Mataki na uku, wanda a ganina shi ne magoya baya suka fi rainawa, shi ne a mayar da sararin albashi haja. Ƙungiyar da haraji ya shaƙe za ta so ta sauke ɗan wasa mai albashi mai nauyi, kuma za ta biya lada ga wanda ya ɗauke mata kayan. A 2020 Thunder sun karɓi Al Horford daga Philadelphia tare da gurbin zagayen farko, a 2021 kuma suka tura shi Boston, suka karɓi Kemba Walker da wani gurbin. Kaya ɗaya, riba biyu.

Sai zaɓen matasa, kuma a nan ba a dogara da faɗuwa da gangan don samun gurbin farko. A tsarin da aka kawo a 2019, ƙungiyoyi uku mafi rauni kowacce damar kashi 14 cikin ɗari kawai aka ba ta na samun gurbin farko a ƙuri'ar sa'a da ake yi don raba guraben. Detroit Pistons sun ci wasa 14 cikin 82 a kakar 2023-24, amma gurbi na biyar suka samu. Yawan gurabe ya fi fatan gurbi guda: a 2022 Thunder sun ɗauki Chet Holmgren a na biyu, sannan suka ɗauki Jalen Williams a na 12 da gurbin da ya fito daga cinikin Paul George.

Amfanin waɗannan matasa ya wuce ƙwarewarsu. Wanda aka ɗauka a zagayen farko yana shiga kwantiragin shekara huɗu mai ƙayyadadden albashi, kuma a cikin wannan tazarar ne mataki na biyar yake faɗowa, wato a daina tarawa a fara saye. Bayan Thunder sun tashi daga nasara 24 a kakar 2021-22 zuwa 57 a 2023-24, sai suka ba Chicago Bulls Josh Giddey suka karɓi mai tsaro Alex Caruso, suka kuma ɗauki Isaiah Hartenstein a kan dala miliyan 87 na shekara uku, domin sun ga rauninsu a ƙarƙashin kwando yake. Sun ci wasa 68 a kakar 2024-25, suka doke Indiana Pacers a wasa na bakwai na zagayen ƙarshe, suka ɗauki kofin 2025. Wani lokaci sayen yakan zama kasada tsantsa. Masai Ujiri, shugaban Toronto Raptors a lokacin, wanda ya tashi a Zariya, ya sallama DeMar DeRozan, ɗan lelen magoya bayan Toronto Raptors, a 2018 don ya samu Kawhi Leonard da saura shekara ɗaya a kwantiraginsa. Leonard ya kawo kofin 2019, ya kuma kama gabansa a wannan bazarar.

Mataki na ƙarshe shi ne a shirya wa ranar da matasan za su nemi haƙƙinsu. Albashi mafi girma yana farawa daga kashi 25 cikin ɗari na iyakar, ya kai kashi 35 ga manya, don haka taurari uku sun isa su cinye mafi yawan kasafin. Yarjejeniyar 2023 tsakanin gasar da ƙungiyar 'yan wasa ta ɗaure hannun duk wanda ya haye shinge na biyu: ba zai haɗa albashin 'yan wasa biyu ya musanya da ɗaya ba, ba zai saka tsabar kuɗi a ciniki ba, kuma za a hana shi musayar gurbin zagayen farko na shekara ta bakwai a gaba. Wannan matsi ne ya sa Boston, shekara guda bayan kofin 2024, suka rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porzingis. A Yulin 2025 Thunder sun tsawaita kwantiragin Gilgeous-Alexander da Holmgren da Williams, kuma guraben da suka rage a hannunsu su ne za su riƙa kawo matasa masu arha su maye gurbin mataimakan da albashinsu zai gagara biya.