Tumakin ulu a Yamai: inda masu fara kiwo ke yin tuntuɓe

Yawancin tumakin Nijar masu gajeren gashi ne. Balami, Uda da Ara-ara duk don nama da fata ake kiwonsu, ba wanda ke sa musu almakashi. Tunkiyar ulu ta gida a yankin Yamai ita ce Kundum, wadda ake samu a tsibirai da gaɓar kogin Isa wajen Tilaberi, 'yar'uwar tunkiyar Masina ta Mali, kuma yawanta sai raguwa yake yi. Mai son kiwon ulu a gonar gidansu a gefen Yamai, da ita ya kamata ya fara.

Amma ba haka ake yi ba. Mutum ya ga hoton Merino a waya, irin nan da asalinsa Sifen ne, Ostareliya kuma ta fi kowa kiwonsa, sai ya ce shi zai kawo. Gaskiya ne ulun Merino ya fi laushi nesa ba kusa ba: kaurin silinsa yakan gaza maikiron 24 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), na Kundum kuwa kaushi gare shi, ya fi dacewa da bargo da shimfiɗa. To amma dabbar da aka sayo da tsada daga wata ƙasa za ta zo ta tarar da zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga kaska, ga cututtukan da jikinta bai saba da su ba. Tun zamanin Turawan Faransa an gwada haɗa Merino da tumakin Masina, abin bai kama ƙasa ba. A ganina, gyara irin gida sannu a hankali ya fi ƙarancin asara.

Gyaran kuwa daga rago yake farawa, nan ne kuma aka fi yin ɓarna. Idonmu ya saba da ragon layya: tsayi, ƙaho, faɗin ƙirji. Sai mai garke ya je kasuwar Turaku ya ɗauko ƙaton Balami ya saka cikin tumakin ulunsa, wai don 'ya'yan su yi girma. Girman za su yi, amma gashinsu zai fito gauraye, rabi ulu rabi gashi mai tsauri, ba mai sayensa. Ragon ulu da hannu ake duba shi. Ka buɗe gashin da yatsu a kafaɗa, a haƙarƙari, sannan a cinya. Cinya ita ce mai tona asiri, domin nan ulu ya fi kaushi. In ka ga wasu fararen silla masu tauri, miƙaƙƙu, suna karyewa, rabu da shi. Irinsu ba sa kama rini, kuma zai gadar wa 'ya'yansa.

Wani abin takaici shi ne babbar salla. Kuɗi suka yi kyau, sai a sayar da ragon da ya fi kowanne, a bar raunanan suna barbara. Shekara uku a haka, garke ya koma baya. Ragon iri ba na sayarwa ba ne sai an sami magajinsa. Sauran mazan a dandaƙe su ko a ware su tun suna wata huɗu zuwa biyar. Shi ma ragon irin kada ya daɗe har ya hau 'ya'yansa. Duk shekara biyu a yi musanya da wani garke na nesa. 'Yar tunkiya kuma a bar ta ta kusa shekara kafin a kai mata rago. Cikin wata biyar ne, kuma wadda aka yi wa gaggawa takan tsumbure.

Yunwar rani tana barin alama a jikin ulu. In tunkiya ta yi makonni ba ta ƙoshi, ko ta yi zazzaɓi, silin da ya tsiro a lokacin sirancewa yake yi. Ka tsinko ɗan curi, ka riƙe bakinsa biyu ka fizga: mai lafiya zai tsaya, na yunwa zai tsinke daidai wurin. Maganin a kaka yake, lokacin da harawa ke da araha. A tara ta da ciyawar burgu, a tanadi dusa da gishirin lasa, a ƙara wa masu ciki a makonni shida na ƙarshe. Kada a zuba harawa ta saman bayansu, ɓarɓashin cikin gashi yake shiga. A sa a kwami.

Kiwon bakin kogi yana tafe da tsutsar hanta, don haka a riƙa ba da magani bisa shawarar likitan dabbobi, kuma kada rigakafin shekara-shekara ya wuce garken.

Sai ƙarangiya. Wanda bai taɓa zama yana tsince ta daga ulu ba bai san wahala ba. Da ta nuna a ƙarshen damina, a kauce wa filayen da ta yi yawa, ko a yi aski kafin lokacin. Wani askin kuma kafin bazara ta kankama, a bar ɗan gashi ya kare fata daga rana, a kuma tanadi inuwa. Ba a aske jiƙaƙƙiyar tunkiya, ulun zai yi fumfuna. A shimfiɗa tabarma, a ware fari daban, baƙi daban, na ciki da ƙafafu daban. Buhun leda irin na shinkafa yana zubar da zare cikin ulu, zaren kuma ba ya fita. Buhun algarara ko tsohon zane ya fi. Masu shafa wa tumaki fenti don shaida, su koma yin alama a kunne.

Kafin duk wannan, a san wanda zai saya. Ulu ba shi da rumfa a kasuwannin Yamai kamar yadda fata ke da ita. A nemi masu kaɗi da masaƙa tun da wuri, a kai musu ɗan samfuri, a ji irin tsawo da launin da suke so, da ko wankakke suke karɓa. Kuɗin gida dai daga raguna, nono da taki zai ci gaba da fitowa, don haka a fara da tumaki biyar ko shida da rago ɗaya.