Darasi na 9: Daidaita famfunan gazuwal na ƙaramin janareta

Janareta mai silinda biyu, irin na masu niƙa da masu walda a Zinder, sau da yawa kowace silinda da nata famfon. Aikin famfo shi ne ya tura gazuwal zuwa nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin silinda. In wani ya fi wani turawa, silinda ɗaya ce za ta ɗauki kaya, kamar shanun huɗa biyu da ɗaya ke ja, ɗaya na bin sa. Inji ya yi ta kakkarwa, salansa na fid da baƙin hayaƙi, ƙwan lantarki na kyaftawa.

Malam, kada ka yi saurin taɓa famfo. Ƙurar hunturun Damagaram kaɗai ta isa ta toshe matatar iska. Duba ta, ka canja matatar mai, ka fitar da iskar da ta shiga bututu. Sau da yawa laifin da ake ɗora wa famfo, a nan yake.

In ciwon bai tafi ba, tada inji ya yi zafi, ka ɗora masa kaya, wato ka kunna abubuwan da ke cin wutarsa. Sa sifana ka ɗan sassauta notin bututun nozul na farko, ka kasa kunne. Ƙarar za ta faɗi. Ɗaure shi, ka yi wa na biyu haka. Silindar da ka sassauta notinta amma ƙara ba ta canja sosai ba, ita ce mai yunwa, wato ba ta samun isasshen mai. Rufe notin da tsumma, kuma kada yatsa ya kusanci feshin, don ƙarfinsa ya wuce bar 100 (bar ma'aunin matsi ne), yana huda fata.

To, kashe inji. Akwai sandar da ke haɗa famfunan da gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun inji. Ja mata layi da fenti kafin ka motsa komai. Ta wannan sandar, ƙara wa silinda mai yunwa mai kaɗan, rubu'in juyi ya isa, ka tada ka sake gwadawa. Siraran faifan da ke ƙarƙashin famfo kuwa na lokacin feshi ne. Kada ka musanya su, ko yaron shago ya ce duk ɗaya ne.

Sai ka duba mita: ya kamata ta nuna volt 220, hertz 50.

Aikin gida: rubuta abu 3 da za ka duba kafin ka taɓa famfo.