Darasi na 9: Ciwon Gawut da Yadda Ake Zama Lafiya da Shi

Akwai wani ciwon gaɓa da kan tashi mutum daga barci cikin dare, ya tarar babban yatsan ƙafarsa ya kumbura, ya yi zafi rau, har ba ya iya jure mayafi ya taɓa shi. A Zariya mutane kan ce sanyin ƙashi ne ko amosanin gaɓɓai, wasu kuma su ɗauka targaɗe ne su nufi wurin mai ɗori. Likitoci suna kiran wannan ciwo gawut. Ya fi kama maza magidanta, amma mata ma suna kamuwa da shi bayan sun daina al'ada. Bayan yatsa, yakan sauka a idon sawu, da gwiwa, da wuyan hannu.

Daga ina ciwon yake fitowa?

A cikin jinin kowa akwai wani sinadari da ake kira yurik asid. Jiki ne ke samar da mafi yawansa, abinci kuma ya ƙara wani kaso, sannan ƙoda ta fitar da shi ta hanyar fitsari. Idan ƙoda ta gaza fitar da shi yadda ya kamata, sai ya taru ya daskare a cikin gaɓa, ya zama ƙananan tsakuwoyi masu tsini kamar allura, waɗanda su ne ke haddasa kumburi da raɗaɗi. Ciwon yana bin dangi, kuma ƙiba, da hawan jini, da ciwon ƙoda, da shan giya ko burkutu suna ƙara haɗarinsa. Wasu magungunan hawan jini masu sa yawan fitsari ma suna ƙara yurik asid, saboda haka mai shan su ya gaya wa likita, amma kada ya daina su da kansa.

Idan ciwon ya tashi

Maganin da ake sha lokacin raɗaɗi ya fi aiki idan an fara shi a rana ta farko. Likita kan ba da kolcisin, ko maganin kumburi irin su ibufurofen da nafuroksin, ko kuma furedinisolon na 'yan kwanaki. Kolcisin ba abin wasa ba ne, domin idan an wuce ƙa'ida yana kawo gudawa da amai, yana ma iya kisa. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda ko na zuciya, kada su sha ibufurofen da danginsa sai da izinin likita. Haɗin ƙwayoyi da ake ƙullawa a leda a kemis ko a tallan kasuwa, wanda mai saye bai san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, shi ne abin da ya fi cancanta a guje masa.

A gida, mai ciwon ya huta, ya ɗora ƙafar a kan matashi, ya naɗe ƙanƙara a cikin tsumma mai tsabta ya ɗora a gaɓar na minti 15 zuwa 20, sau da dama a rana, ya kuma yawaita shan ruwa. Kada a murza gaɓar, kada a yi mata ƙaho ko tsaga, domin raunin na iya kawo ƙwayoyin cuta. Idan kumburin ya zo da zazzaɓi da rawar sanyi, a tafi asibiti a ranar, don mai yiwuwa ƙwayoyin cuta ne suka shiga gaɓar, kuma suna iya lalata ta cikin kwanaki kaɗan.

Maganin da ke hana dawowa

A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Raɗaɗin kan wuce da kansa cikin mako 1 zuwa 2, sai mutum ya ɗauka ya warke, alhali tsakuwoyin suna nan kwance a gaɓa. Idan aka bar su shekara da shekaru, sai su fito da ƙululu masu tauri a yatsu, da gwiwar hannu, da kunne, su naƙasa gaɓɓai, wani lokaci su haifar da tsakuwar ƙoda.

Wanda ciwon ya taso masa sau 2 ko fiye a shekara, ko yake da irin waɗannan ƙululu, likita kan ɗora shi a kan alofurinol, wanda za ku ga an rubuta allopurinol a jikin kwalinsa. Akan fara da miligiram 100 a rana ko ƙasa da haka, a riƙa ƙarawa sannu a hankali ana auna jini, har yurik asid ya sauka ƙasa da 6 a ma'aunin mg/dL, ko ƙasa da 360 a ɗakunan gwajin da ke amfani da ma'aunin µmol/L. Ana shan sa kullum, da ciwo ko babu ciwo, galibi har tsawon rayuwa. A watannin farko ciwon na iya tashi, wannan kuwa ba alamar cewa maganin bai karɓi mutum ba ce, don haka ba a dainawa. Abin da ke sa a tsaya nan take shi ne fitowar ƙuraje a fata ko miki a baki, sannan a garzaya wurin likita. Ana iya neman gwajin jini da ganin likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko a Asibitin Gambo Sawaba.

Abinci da abin sha

Kayan ciki, wato hanta da ƙoda da zuciya, su ne kan gaba a abin da ya kamata a bari, tare da giya da lemon kwalba mai zaƙi. Jan nama, da kifin gwangwani, ragewa ake yi. Ba a ce mai gawut ya yi sallama da tsire har abada ba, amma wanda ya saba tsayawa wurin mai balangu kowane dare a hanyarsa ta komawa gida, dole ya canza. Lokacin Babbar Sallah ya fi kowane lokaci buƙatar kamewa, tunda a kwanakin layya farfesun kayan ciki da soyayyen nama ba sa yankewa a gida. A watan azumi kuwa ƙarancin ruwa a jiki ne abin tsoro, musamman idan ya faɗo cikin bazara, don haka a sha ruwa sosai tsakanin buɗa baki da sahur, a mayar da shan alofurinol zuwa ɗaya daga cikin waɗannan lokuta biyu.

Nono da aka cire wa mai yana taimakawa, kuma babu laifi a ci wake, da ƙwai, da zogale, da alayyafo, da tuwon dawa ko na masara. Rage ƙiba sannu a hankali yana da amfani, amma kamun baki shi kaɗai ba kasafai yake sauke yurik asid zuwa inda ake so ba, shi ya sa ba ya maye gurbin magani.

Aikin gida

Ku ja layi 3 a littafinku na rubutu. A na farko ku rubuta sunan duk maganin da wani babba a gidanku yake sha kullum, kuna kwafa daga jikin kwalin, a na biyu yawan miligiram ɗinsa, a na uku kuma lokacin da ake shan sa. Ku zo da shi aji mako mai zuwa, mu karanta tare.