Kurakuran da nake gani kullum a teburin caji, da yadda za a gyara su

Ina da shagon cajin waya a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, tebur kan cika da Tecno da Itel da Infinix har sai na riƙa manna wa kowace lamba don kada a rikice. A wannan zaman na lura da wani abu. Mutanenmu suna tattalin jikin waya, a saya mata riga, a manna mata gilashi, amma abin da ke cikinta, wanda ya fi ta tsada, an bar shi a hannun Allah-ya-kiyaye.

Wata Alhamis da yamma wani dattijo mai sayar da awaki ya zo mini, an zare masa waya a cunkoson kara. Na ce, “Baba, Allah ya mayar da alheri. Akwai makulli a kan sim ɗin?” Ya ce, “Ɗana, ai sai da yatsana take buɗewa.” Wannan shi ne kuskuren farko, kuma shi ya fi ci mini rai. Makullin fuskar waya wayar kaɗai yake tsarewa. Ɓarawo zai zare sim ɗin ya sa a wata ƙaramar waya, shi ke nan layinka ya koma hannunsa: alat na banki, lambobin tabbaci da ake turowa ta tes, da hanyar tura kuɗi ta danna lambobi. Da layin kaɗai yana iya ciro BVN ɗinka.

Gyaran ba ya cin ko sisi. Ka shiga saitin waya, ɓangaren tsaro, ka nemi makullin sim, ka kunna PIN, ka sauya ta zuwa lambar da kai kaɗai ka sani. Daga ranar, duk wayar da aka sa sim ɗin a ciki sai ta nemi wannan lambar. Sai dai a yi hattara, domin za a fara tambayarka PIN ta asali wadda sim ɗin ya zo da ita. Idan ba ka san ta ba, kada ka yi ta canka. Kuskure uku yana rufe sim, sai an kawo PUK, lamba takwas da ke rubuce a jikin faffaɗan katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki, katin nan da kusan kowa ke yarwa a ƙofar shago. Kuskure goma a PUK kuwa ya kashe sim ɗin har abada. Kira 300, layin kula da masu hulɗa na MTN da Airtel da Glo da T2 (tsohuwar 9mobile) duka, ka tambaya tukuna.

Idan kuma tsautsayin ya riga ya faɗa, banki ake fara nema a rufe asusu, sannan kamfanin layi, sannan a je a yi walkam bak, wato a karɓo sabon sim mai tsohuwar lambar. A nan ne wani tsohon kuskure ke fitowa fili: layin ba da sunanka aka yi masa rajista ba. Tun Disamban 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, amma har yau akwai matan da layinsu ke kan NIN ɗin ƙanen miji, da samarin da suka sayi sim mai rajista a bakin tasha. Ranar da layin ya ɓace, wanda sunansa ke kai shi kaɗai zai iya karɓo shi. Danna *996# ka duba matsayin naka tun yau. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka nan layin da ka haɗa da banki, kada ka jefa shi a akwati ka tafi cirani ka manta. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na iya sake sayar da shi, alat ɗinka ya riƙa zuwa wa baƙo.

Kuskure na biyu tun ranar sayen waya ake yin sa. Mutum ya sayo babbar waya a Farm Centre ko Beirut Road a Kano, ko a hannun yaron shago a garinsu, ya ce, “Buɗe mini komai da komai.” Yaro ya ƙirƙiri Gmail, ya sa kalmar sirrin da ta zo bakinsa, ya miƙo waya. Mai waya bai san sunan akawun ɗin ba, balle kalmar sirrin. Shekara ta zagayo, wayar ta rikice, aka yi mata filashin, sai ta tsaya cak tana neman wancan Gmail ɗin. Wannan tsaro ne da Google ya sa a Android don kada wayar sata ta yi amfani, amma ga shi ya kama mai kaya. Na ga mutane da dama sun sake biyan mai gyara kan wannan, kuma lambobinsu ba su dawo ba.

Ka zauna a buɗe akawun ɗin a gabanka. Kai za ka zaɓi kalmar sirri, kada ta zama lambar wayarka ko shekarar haihuwarka, kuma lambarka za a sa a wurin farfaɗo da akawun, ba ta mai shago ba. Sannan ka samu takarda ka rubuta sunan Gmail, kalmar sirri da PUK, ka ajiye inda kake ajiye takardar gona. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya sa ɗansa da ya yarda da shi. Daga nan duk lambar da za ka adana, ka zaɓi a ajiye ta a Gmail, ba a kan sim ko cikin waya ba. Ko wayar ta faɗa rijiya, kana sa akawun ɗin a sabuwa sunayen dillalanka da 'yan'uwanka za su dawo. Da dattijon nan ya yi haka, da bai yi makonni yana bin mutane yana roƙon lambar abokan cinikinsa na kudu ba.

Sai WhatsApp. Wani ya kira ka da murya mai daɗi, ya yi sallama, ya ce daga ƙungiyar manoma yake, an sa sunanka a tallafin taki, yanzu za ka ga lamba shida ta shigo, ka karanto masa. Wannan lambar ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinka. Kana faɗa ya ɗauke akawun ɗin, ya shiga tura wa surukanka da abokanka saƙo da sunanka cewa kana asibiti a taimaka. Babu banki, babu kamfanin layi, babu jami'in gwamnati da zai nemi lambar da aka turo maka ta tes, ko PIN ɗin katin ATM. A cikin saitin WhatsApp, ɓangaren akawun, akwai tabbaci mai mataki biyu. Ka kunna ka sa lamba shida ta kanka. Iyaye mata su aka fi cuta ta nan. Don Allah wanda ya karanta wannan ya je ya kunna wa innarsa da hannunsa. Samari masu sa GBWhatsApp da ire-irenta kuma su sani ba kamfanin ne ya yi su ba, kuma ana rufe akawun ɗin WhatsApp a kansu.

Batun batir, nan ne sana'ata. Babban makashin batir zafi ne, ba yawan caji ba. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Jigawa ke haura digiri 40, za ka ga an bar waya a gaban mota, ko a kan buhu a tsakiyar gona, ko an tura ta ƙarƙashin matashi tana caji a ɗakin kwano. Wasu kuma tana caji suna kallon bidiyo har ta yi zafin da ba ta taɓuwa. Ka yi caji a inuwa, a kan abu mai tauri, in ta ɗau zafi ka cire mata riga.

Maganar nan ta cewa sai batir ya mutu murus kafin a sa caji, ta tsofaffin batura ce. Na yanzu, masu sinadarin litiyam, sun fi daɗewa idan ana sa su caji tun suna wajen kashi 20, ba a bari suna mutuwa kullum. Na san a ƙauye ba kullum ake samun yadda ake so ba, wani sai ya yi tafiya kafin ya ga soket, amma in da hali a kiyaye. Cajar arha ta bakin titi kuwa, araha ba ta ado: tana iya ƙona wurin caji, gyaran ya ninka kuɗinta. A cire waya kafin a tayar da janareta, a mayar bayan ya daidaita. Masu sola kada su jona waya kai tsaye da faranti ba tare da na'urar daidaita wuta ba. Kuma idan bayan waya ya fara ɗagowa, batir ya kumbura ke nan. Kada a danne shi, kada a huda shi da allura wai a fitar da iska, yana iya kamawa da wuta. A daina caji a sauya shi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, rashin sabis na shan caji. Waya a wurin da sabis ke rawa tana ta ƙara ƙarfi tana lalube. In za ka wuni a fadama inda ka san babu sabis, kunna alamar jirgin sama, da yamma za ka tarar da cajinka. Mu na bakin iyaka kuma mu riƙa duba saman waya, wani lokaci takan kama sabis ɗin Nijar, kuma kiran da aka yi a haka kuɗinsa daban ne.

Da hunturu, rabin wayoyin da ake kawo mini wai sun daina caji, ƙura ce da zaren aljihu suka toshe ramin. Kashe wayar, ka sa tsinken sakace na itace a hankali ka fito da dattin. Ban da allura, ban da reza. Da damina kuma, wayar da ta faɗa ruwa ba shinkafa take buƙata ba, garin shinkafar ma shiga ramukan yake yi. Kashe ta nan take, kada ka gwada kunnawa don ka ga ko tana yi, kada ka sa caji, kada ka kanga ta a murhu. Cire sim da memori, goge ta, ajiye ta inda iska ke kaɗawa, ka kai wa mai gyara da wuri.

“Malam, data ta ba ta kwana.” Kullum sai na ji wannan. Yawanci guruf-guruf ne: kowane bidiyon biki da wa'azi da aka turo, wayar na saukewa da kanta ko ba ka buɗe ba. A saitin WhatsApp, wurin ajiya da data, ka cire saukewar kai-tsaye. A wurin dai za ka ga jerin fayilolin da suka wuce MB 5, ka goge waɗanda ba ka so, wayar ta samu sarari. Hana bidiyon Facebook tashi da kansa, ko ka koma Facebook Lite. A Play Store ka hana sabunta manhajoji da datarka. Manhajojin nan masu hoton tsintsiya da ke cewa za su wanke waya su ƙara mata gudu, talla suke jawowa, goge su. Tun 2023 hukumar sadarwa ta NCC ta daidaita lambobi a duk layuka: *310# duba kati, *312# sayen data, *323# duba ragowarta. Ka riƙa dubawa, domin idan data ta ƙare ba ka sani ba, wani tsarin katinka yake komawa ci. In kuma kuɗi na raguwa ba ka kira kowa ba, danna *305# ka ga ko an sa ka a wani tsari na waƙar kira ko wasa, ka fita. Tura STOP zuwa 2442 yana tsayar da tes-tes na talla. Idan ka kai ƙara ga kamfani ba a share maka hawaye ba, 622 layin NCC ne, kyauta.

Ɗalibanmu masu shirin JAMB da malaman makaranta masu kwamfutar cinya, abu uku. Kada a ɗora ta a kan katifa, ramukan shan iskarta na toshewa. Filas ɗin da ya zaga shagunan buga takardu a bincike shi kafin a buɗe. Kuma ana rubutu ana danna Ctrl da S don adana aikin, wutarmu ba ta sallama kafin ta tafi. Allon hannu da ake bai wa yara don karatun Alƙur'ani, a sauke surorin sau ɗaya a kashe data, sun ishe su. Wanda kuma ke son rubuta Hausa daidai, allon rubutu na Gboard yana da Hausa. Ƙara ta a saiti za ka samu ƙ da ɗ da ɓ, ka daina rubuta “kasa” alhali “ƙasa” kake nufi.

Ga masu sayen ta hannu a ranar kasuwa. Wayar sata ana bin sawunta, kuma wanda aka samu da ita a hannu shi ke fara kwana a ofishin 'yan sanda. Danna *#06#, lamba 15 za ta fito, IMEI ke nan. Ka gwada ta da wadda ke jikin kwali in akwai, ka sa a rubuta ta a rasit da sunan mai sayarwa da shaida. Kafin ka ƙirga kuɗi, ya cire Gmail ɗinsa a gabanka, a goge wayar gaba ɗaya, a sake kunna ta ka ga ta buɗe ba ta nemi akawun ɗin kowa ba. Idan ya ce ya manta kalmar sirri amma wai ba komai, mayar masa da kayarsa.