Kurakuran da Aka Fi Yi Game da Istirojin da Sankarar Mama

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne ɗaukar sinadarin istirojin a matsayin guba, alhali shi ne ke tsara al'adar mace, yana kuma riƙe ƙarfin ƙashinta. Matsalar tana tasowa ne idan ƙwayoyin sankara suna ɗauke da wata kafa da istirojin ke maƙalewa a kanta ya ingiza su su hayayyafa. Kimanin kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na sankarar mama irin wannan ce. Tun a 1896 wani likita a Gilasgo, George Beatson, ya lura cewa cire ma'ajiyar ƙwai na mace yana sa ƙullutun wasu marasa lafiya ya motse, tun kafin a san sunan sinadarin.

Daga nan ne kuskure na biyu ke fitowa, wato fara magani ba tare da an ɗebi tsokar ƙullutun an gwada ko tana da wannan kafa ba. Idan babu kafar, maganin toshe istirojin ba zai yi komai ba, don haka ya kamata majinyaciya ta nemi a nuna mata sakamakon gwajin, inda ake rubuta ER, wato gajeren sunan kafar, da alamar ƙari idan akwai ta ko ta ragi idan babu.

Wanda ya fi kowanne tsada a ganina shi ne daina shan tamoksifen, maganin da ke hana istirojin maƙalewa a kan kafar, da wuri. Ana shan wannan ƙwaya kullum tsawon shekara 5, wani lokaci har 10, kuma mata da yawa kan ajiye ta da zarar raunin tiyata ya warke, ko kuma saboda zafin da ke taso musu kwatsam da gumin dare ya ishe su. Sai dai wannan nau'in sankara yana iya lafawa ya dawo bayan shekara 10 ko 20, kuma shan maganin yadda aka tsara yana rage dawowarsa sosai. Wadda illolin suka dame ta ta koma wurin likita a duba abin da za a sauya, kada ta yanke hukunci ita kaɗai. Amma zubar jini ba a kan ƙa'ida ba, ko kumburin ƙafa ɗaya mai ciwo, ba abin jira ba ne, domin tamoksifen na ɗan ƙara haɗarin sankarar mahaifa da daskarewar jini.

Wasu kuma na zaton ɗaukewar al'ada ta raba su da istirojin. Ba haka ba ne, domin kitsen jiki yana ci gaba da samar da shi, shi ya sa ƙiba bayan ɗaukewar al'ada ke ƙara haɗari. Magunguna irin su letirozol da anastirozol wannan hanya suke toshewa, kuma ba sa wadatar da macen da ma'ajiyar ƙwanta ke aiki har yanzu. Suna raunana ƙashi, saboda haka a riƙa auna ƙarfinsa.

Haka nan ana yi wa magungunan ƙara istirojin da ake ba mata don rage wahalhalun ɗaukewar al'ada kuɗin goro. Babban binciken da aka dakatar da wani sashensa a Amurka a 2002 ya nuna cewa haɗin istirojin da furojestin (wani sinadari da ake haɗawa da shi don kare mahaifa) ne ya ƙara haɗarin sankarar mama, yayin da istirojin zalla, ga matan da aka cire wa mahaifa, bai ƙara shi ba.