Yadda ake karanta tallan ɗaukar ma'aikata na su McDonald's da KFC kafin ka ce to

In ka ga tallan nan da suke mannawa a gilashin shagunan sayar da abinci irin su McDonald's da KFC, wai ba a buƙatar gogewa, zo yau ka fara gobe, ga hoton matasa sai washe baki suke da hula a ka, to ɗan uwa tsaya tukun. Tallan bai yi ma ƙarya ba, amma abin da bai faɗa ba shi ne naka aikin ka tono.

Fara da kuɗin. In sun rubuta "har zuwa" kaza a awa ɗaya, wannan kuɗin na mai aikin dare ne ko wanda ya daɗe, kai sabon shiga ƙasa da haka za ka samu. A Amurka mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009 bai motsa ba, amma jihar Kalifoniya ta kai na ma'aikatan manyan gidajen abincin nan dala 20 a 2024, kaga kenan aiki ɗaya ne, soya dankali da goge kanta, amma inda kake shi ke yanke maka.

Sai awanni, nan fa wahalar take. Suna cewa lokacin aiki mai sauƙin juyawa, sai ka ɗauka kai ne za ka juya shi, ashe manaja ne, wannan satin ya cika ka da duti har ƙafarka ta kumbura sati mai zuwa kuma ya ba ka kwana biyu kacal, kuɗin haya kuwa ba ruwansa. A Ingila akwai kwantiragin da ba a yi maka alkawarin ko awa ɗaya ba. Don haka a intabiyu ka tambaya kai tsaye, awa nawa ne tabbas a sati, kuma yaushe ake fitar da jadawali.

Ka kuma san wa ya ɗauke ka. Yawancin shagunan McDonald's 'yan kasuwa ne suka sayi izinin amfani da sunan, su ke biyanka, su ke sa doka, kyautar karatu ko abincin rana da ka gani a talla mai yiwuwa wannan reshen bai bayarwa.

Maganar zama manaja kuwa ana zama, amma ka ce a gaya maka mutum nawa aka ɗaga a wannan shagon bana. In mai yi maka intabiyu ya fara kame-kame ka gane. Duk abin da kuka shirya ka ce a rubuta maka a takarda kafin ka karɓi yunifom.